Yadda ake zaɓen faifan HDD ga saba da kwamfutar manyan ayyuka

Duk faifan HDD, wato faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, komai tsadarsa, inji ne mai motsi. A cikinsa akwai faranti da aka jera a kan sanda guda suna juyawa, da hannu mai ɗauke da allurai masu karatu da rubutu yana kai-komo a samansu ba tare da ya taɓa su ba. Kafin kwamfuta ta samu ko da harafi ɗaya, sai hannun ya je daidai layin da bayanin yake, sannan ya jira faranti ya juyo da wurin zuwa ƙarƙashin allura. Haka kamfanin IBM ya ƙera na farko a 1956, mai faranti 50 masu faɗin inci 24, wanda abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Haka kuma ake ƙera mai terabait 30 na yau. Cikin faifai ya ninka sau miliyoyi, amma juyin faranti daga 1,200 a minti ya tashi zuwa 7,200 a manyan faifan saba na yanzu (saba ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima), ninki shida ke nan kacal cikin kusan shekara 70. Duk wahalar zaɓen faifai daga wannan giɓin take fitowa.

Lissafin ba shi da wuya. Farantin da ke juyi 7,200 a minti yana kammala zagaye ɗaya cikin milisakan 8.3. A matsakaici rabin zagaye ake jira, wato milisakan 4.2. Idan aka haɗa da tafiyar hannu, wadda ke cin kusan milisakan 8, kowace buƙata guda za ta ci milisakan 12 ko fiye. A raba daƙiƙa ɗaya da wannan, sai a samu buƙatu 80 ko kusa da haka. Wannan adadin ne masu aikin saba ke kira IOPS, wato yawan karatu ko rubutun da faifai ke iya yi a daƙiƙa idan bayanan a warwatse suke. Mai juyi 10,000 yana jiran milisakan 3, mai 15,000 kuma milisakan 2, ga shi farantinsu ƙanana ne, hannu ba ya tafiya mai nisa, don haka sukan kai 130 zuwa 200. Nan ƙarfe ya tsaya.

A ɗauki faifai guda a ba shi aiki iri biyu. Na farko, kwafe bidiyo mai gigabait 50 da ke kwance a jere. Hannu ba ya zuwa ko'ina, faranti ne kawai ke wucewa a ƙarƙashinsa, sai a ga megabait 250 zuwa 280 a daƙiƙa, a gama cikin minti uku da 'yan kai. Na biyu, rumbun bayanai da ke tsintar gutsattsari masu kilobait 4 daga nan da can. Sau 100 a daƙiƙa, kilobait 400 ke nan, ko rabin megabait bai kai ba. Faifan bai canza ba, amma bambancin ya haura ninki 500. Ko saurin jeren ma, adadin da ake bugawa a takardar kaya na gefen waje na faranti ne, inda da'ira ta fi faɗi. Yayin da faifai ke cika ana matsawa ciki, saurin yakan sauka zuwa kusan rabi. Saboda haka duk wanda ya tambaya wane faifai ya fi sauri, sai a fara tambayarsa aikin me zai yi da shi.

An yi zamanin da masana'antu ke tseren juyi. Seagate ya fito da Barracuda mai 7,200 a 1992, sai Cheetah mai 10,000 a 1996, sannan Cheetah X15 mai 15,000 a 2000. A 2003 Western Digital ya kawo Raptor, mai juyi 10,000 a kan SATA, mahaɗin faifai na kwamfutocin yau da kullum, wanda masu zane da masu tace bidiyo suka yi rububinsa. A lokacin, wanda ke son rumbun bayanai mai zafi sai ya tara ƙananan faifai da dama, wasu ma su yi amfani da gefen waje na faranti kaɗai su bar sauran fanko, don kawai a rage wa hannu tafiya. Faifan SSD, mai ajiye bayanai a ƙwayoyin lantarki, ya zo ya rufe wannan babi. Na SATA mara tsada yana yin dubun-dubatar IOPS, na NVMe kuwa, mahaɗin da ya fi SATA sauri, dubban ɗaruruwa, tunda babu hannu babu faranti. Masu juyi 15,000 sun tsaya a gigabait 900, masu 10,000 sun tsaya a terabait 2.4. A ganina babu dalilin sayen waɗannan a yau, sai fa ga wanda ke da tsohuwar saba yana neman maye gurbin wanda ya mutu. Duk aikin da ke buƙatar tsintar bayanai a warwatse cikin gaggawa, irin rumbun bayanai mai yawan ciniki ko injunan kwaikwayo (kwamfutocin da manhaja ke kwaikwaya) da yawa a kan saba ɗaya, wurinsa SSD.

Abin da ya rage wa HDD shi ne girma a farashin da SSD bai iya kamowa ba tukuna, kuma kamfanoni uku kaɗai suka rage suna ƙera shi: Seagate, Western Digital da Toshiba. Kusan duk faifan sabansu juyi 7,200 suke yi, saurinsu a jere kuma kusan ɗaya ne. Inda suka sha bamban da na kwamfutar gida shi ne halinsu idan aiki ya yi yawa ba hutu, idan suna cikin 'yan'uwansu goma ko hamsin a akwati ɗaya, da kuma ranar da ɗaya daga cikinsu ya mutu. Waɗannan ne ya kamata mai saye ya tona, kuma galibi ba a jikin kwali ake samunsu ba.

Abu na farko da za a duba, kafin girma ma, shi ne yadda faifan ke shimfiɗa layukansa. A tsarin gargajiya, CMR, kowane layi yana zaman kansa da ɗan fili tsakaninsa da na kusa. Sai aka lura allurar rubutu ta fi ta karatu faɗi, aka ƙirƙiro SMR, inda ake ɗora gefen kowane layi a kan na bayansa kamar yadda ake jera kwanon rufi. Ana samun ƙarin wuri, kusan kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Matsalar ita ce ba a iya gyara layi ɗaya a tsakiya ba tare da ɓata na gabansa ba, dole a karanta rukunin gaba ɗaya a sake rubuta shi. Don ɓoye wannan, faifan yakan keɓe wani yanki na CMR yana zuba sabon rubutu a ciki, idan ya samu sarari ya kwashe ya jera. A kwamfutar gida da ke hutawa mafi yawan yini, ba wanda zai lura. A saba kuwa sararin ba ya zuwa. Yankin yakan cika, sauri ya faɗi ƙasa warwas, wani lokaci faifan ya yi shiru na daƙiƙoƙi yana gyaran cikinsa, na'urar da ke kula da jerin faifai ta ɗauka ya mutu ta fitar da shi.

Wannan ne ya faru a 2020, lokacin da masu amfani suka gano cewa wasu faifan WD Red masu terabait 2 zuwa 6, waɗanda ake sayarwa musamman don NAS, wato akwatunan ajiyar fayiloli da ake jonawa da hanyar sadarwa, SMR ne ba tare da an rubuta a takarda ba. Masu ZFS, wata manhajar tsara fayiloli da jerin faifai, su ne suka fi ji a jikinsu, domin bayan an canza faifai, sake gina jerin da ya kamata ya ɗauki sa'o'i sai ya ja kwanaki, ko ya gagara. Daga baya kamfanin ya fitar da jerin waɗanda abin ya shafa, ya ware masu CMR ƙarƙashin sunan Red Plus, Seagate da Toshiba su ma suka bayyana nasu samfuran masu SMR. Tun daga nan kan mage ya waye, ana rubuta CMR ko SMR a takardar kaya. Idan ba a rubuta ba, a nemi lambar samfur a duba. Akwai wani nau'in SMR da manhajar saba ce ke sarrafa shi da saninta, irin wanda Dropbox ke amfani da shi, amma wannan sai wanda ya gina manhajarsa domin shi. Faifan ba zai ma yi aiki a kwamfuta ta yau da kullum ba.

Na biyu shi ne abin da faifai ke yi idan ya ci karo da gurbin bayani a kan faranti da ya ƙi karantuwa. Faifan kwamfutar gida yana ɗauka shi kaɗai ne ke riƙe da bayanin, don haka yakan nace, ya sake gwadawa, har ya kwashe minti ɗaya ko fiye bai amsa kowa ba. A wurinsa daidai ne. A cikin jerin RAID kuwa, wato faifai da yawa da aka haɗa suna aiki kamar ɗaya suna kare bayanan juna, wannan naci cuta ne. Katin sarrafa RAID ba ya jira haka, Linux ma daƙiƙa 30 yake bai wa faifai a saitinsa na asali. Sai a kori lafiyayyen faifai daga jeri saboda gurbi ɗaya tak. Faifan saba yakan gwada na kusan daƙiƙa 7, ya haƙura ya ce ban iya ba, jerin ya ɗauko bayanin daga sauran faifai ya sake rubuta shi a wuri mai kyau. Western Digital na kiran wannan TLER, Seagate na kiransa ERC. Da manhajar smartctl ana iya tambayar faifai ko yana da shi, da kuma daƙiƙa nawa aka saita masa.

Daga nan sai maganar da ta fi ɗaure wa mutane kai, adadin kuskuren karatu da ba ya gyaruwa. Takardar faifan gida takan ce bai wuce kuskure 1 cikin bit tiriliyan 100 ba, wanda ya yi daidai da terabait 12.5, tunda bit 8 ne ke yin bait ɗaya. Ta faifan saba takan ce 1 cikin tiriliyan 1,000, wato terabait 125. A ce an haɗa faifai 6 masu terabait 20 a RAID 5, tsarin da ke jure mutuwar faifai ɗaya kacal, sai ɗaya ya mutu. Kafin a cika sabon da aka saka, sai an karanta sauran biyar daga farko har ƙarshe, terabait 100, kuma a wannan lokaci babu sauran kariya. Idan aka bi takardar faifan gida, ana sa ran kuskure har 8 a hanya. Ko ta faifan saba aka bi, lissafin bai ba da kwanciyar hankali ba. Gaskiya ne adadin iyaka ce da kamfani ya yi alkawarin ba za a wuce ba, kuma a zahiri faifai masu lafiya sukan yi abin da ya fi haka nesa. Ni abin da ya fi tsorata ni shi ne lokaci. Cika faifai mai terabait 20 a saurin megabait 250 a daƙiƙa yana cin sa'a 22, idan babu wani aiki da ake yi kuma saurin bai sauka ba. A sabar da mutane ke aiki a kanta, kwana biyu zuwa mako ba abin mamaki ba ne. Duk tsawon wannan lokaci sauran faifan, waɗanda galibi sa'annin mamacin ne, rana ɗaya aka kunna su, suna shan aikin da ba su taɓa sha ba.

Shi ya sa ga manyan faifai RAID 5 ya zama kasada. RAID 6, ko RAIDZ2 ga masu ZFS, yana jure mutuwar faifai biyu. Sai dai kariya tana da kuɗinta a wajen rubutu. Kowane ƙaramin rubutu a RAID 5 yana zama aiki 4 a kan faifai: karanta tsohon bayani, karanta tsohon lissafin kariya, rubuta sabon bayani, rubuta sabon lissafi. A RAID 6 yana zama 6, a RAID 10 kuma, inda kowane faifai ke da abokin da ke riƙe da kwafinsa, 2. Faifai 8 masu IOPS 100 kowanne suna da 800 a haɗe, amma a rubutu mai warwatse RAID 10 zai ba da 400, RAID 5 ya ba da 200, RAID 6 kuwa kusan 133. Wanda aikinsa ajiyar manyan fayiloli ne ba zai ji wannan ba. Wanda ke da rubutu ƙanana ba iyaka zai ji. Kuma duk tsarin da aka zaɓa, ba ya maye gurbin kwafin da aka ajiye a wani wuri daban, domin fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ko ɓarayin intanet suka kulle, a take yake ɓacewa a duk faifan jerin.

Akwai wani tarko a cikin girma da ba a cika faɗa ba. Faifai mai terabait 4 da mai terabait 24 hannu ɗaya kowanne ke da shi, IOPS ɗinsu kusan ɗaya. Idan IOPS 100 ne, na farko yana ba kowane terabait guda IOPS 25, na biyu 4 kacal. Mai buƙatar terabait 96 zai iya sayen 4 masu 24, ko 12 masu 8. Wuri ɗaya ne, amma na biyun ya ninka na farko sau uku a yawan hannayen da ke aiki lokaci guda, kuma idan ɗaya ya mutu sake gini ya fi sauri. A ɗaya ɓangaren, ya fi cin wuta, ya fi cin gurabe a akwati, ga ƙarin abubuwan da za su iya lalacewa. Ga ajiyar da ba a cika taɓawa ba, babba ya fi. Ga sabar fayiloli da mutane da yawa ke buɗewa lokaci ɗaya, yawan faifai ya fi girman kowanne amfani. Masu ƙera faifan ma sun san da wannan matsala, shi ya sa Seagate ya fito da fasahar Mach.2, faifai mai hannu biyu masu zaman kansu, kowanne na kula da rabin faranti, wanda ke iya haura megabait 500 a daƙiƙa.

Lambar MTBF kuwa, wato matsakaicin lokaci tsakanin lalacewa da lalacewa, ta yaudari mutane da yawa. Idan aka ga sa'a miliyan 2.5, wani sai ya raba ya samu shekara 285 ya ɗauka tsawon ran faifan ke nan. Lissafin taro ne. Ma'anarsa, idan aka kunna faifai da yawa cikin shekarun garantinsu, a yanayin zafi da nauyin aikin da kamfani ya ƙayyade, kusan kashi 0.35 cikin 100 za su mutu a shekara, wato 3 ko 4 cikin 1,000. A fagen aiki abin yakan fi haka. A 2007 Bianca Schroeder da Garth Gibson na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka sun duba bayanan faifai kusan 100,000 a manyan cibiyoyi, suka samu cewa kashi 2 zuwa 4 cikin 100 a shekara shi ne abin da aka saba gani, kuma ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin faifan saba masu tsada na mahaɗin SCSI da na SATA ba. A wannan shekarar injiniyoyin Google suka fitar da nasu binciken a kan faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskure na farko a binciken da yake yi wa farantinsa ya fi wanda bai nuna ba yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART, tsarin da faifai ke ba da rahoton lafiyarsa da shi, ba kafin su tafi. Ke nan idan SMART ya yi gargaɗi a yarda da shi, idan ya yi shiru kada a saki jiki. Kamfanin ajiyar bayanai Backblaze, wanda ke wallafa alƙaluman mutuwar faifansa tun daga bayanan 2013, ya fi sa ido kan lambobin SMART biyar: 5, 187, 188, 197 da 198. Rahotanninsa suna nuna cewa samfur da samfur sun sha bamban ko a kamfani ɗaya, don haka biyayya ga sunan kamfani ba ta da wani amfani sosai.

Lambar da na fi ba muhimmanci ita ce nauyin aiki na shekara. Faifan gida terabait 55 aka ƙayyade masa, na NAS 180, na saba 550. Karatu da rubutu duka ake ƙirgawa. Mai kula da bayanansa yakan sa jeri ya karanta kansa gaba ɗaya sau ɗaya a wata, don a gano gurbin da ya lalace tun akwai kariyar gyara shi. Cikakken faifai mai terabait 20 da ake yi wa haka ya ci terabait 240 a shekara kafin a yi aikin komai. Wannan kaɗai ya haura ƙa'idar faifan NAS na ƙasa.

Sai girgiza. Layukan da ke kan faranti dubban ɗaruruwa ne a cikin inci ɗaya, don haka motsi kaɗan ya isa ya kautar da allura daga layinta, ta jira wani zagaye kafin ta sake gwadawa. Bayani ba ya ɓata, sauri ne ke zubewa ba tare da wani saƙon kuskure ba. A 2008 injiniya Brendan Gregg, yana aiki da Sun Microsystems, ya matsa kusa da akwatin faifai ya kwarara ihu, allon awo ya nuna jinkiri ya yi tsalle a daidai faifan da ya yi wa ihun. Idan murya ta iya haka, ina ga faifai 24 da fankoki masu gudu a akwati ɗaya, kowane hannu yana fizgar na kusa da shi. Faifan saba suna da na'urorin jin girgiza a jikin allonsu, suna auna motsin suna gyara zaman allura nan take. Takardar faifan NAS takan faɗi adadin guraben da aka yarda a saka shi, a riƙe wannan da gaske. Iskar hiliyam ma ta taimaka a nan. HGST, wanda Western Digital ya saya a 2012, ya fara sayar da faifai mai cike da hiliyam a 2013. Nauyinta kusan kashi ɗaya cikin bakwai na iska ne, don haka faranti ba ya shan turjiya, ana iya jera 10 a inda a da ake jera 5, ga ƙarancin zafi da cin wuta. Kusan duk manyan faifan saba na yau haka suke.

Muhawarar SATA da SAS, ɗaya mahaɗin da faifan saba ke zuwa da shi, ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. SATA yana ɗaukar gigabit 6 a daƙiƙa, kusan megabait 550 a aikace, faifai mai hannu ɗaya kuwa da ƙyar yake cika rabin wannan. Gigabit 12 na SAS ba zai sa faranti ya ƙara juyi ba, kuma sau da yawa samfurin SATA da na SAS inji ɗaya ne, allon ƙasa ne ya bambanta. Amfanin SAS na wani wuri: ƙofa biyu yake da ita, ta yadda na'urorin sarrafawa biyu za su iya riƙe faifai ɗaya, idan ɗaya ta faɗi ɗaya ta ci gaba, kuma ya fi dacewa da akwatuna masu gurabe da yawa da wayoyi masu tsawo. Saba mai katin sarrafawa ɗaya da faifai 8 ba za ta ga bambanci ba. A dai tuna cewa katin SAS yana karɓar faifan SATA, amma faifan SAS ba ya aiki a mahaɗin SATA na uwar allo.

Ƙananan abubuwa biyu sukan ɓata wa mutum yini. Ɗaya girman gurbi: samfur ɗaya yakan zo a matsayin 512e, mai nuna wa kwamfuta gurbi mai bait 512, ko 4Kn, mai gurbin kilobait 4, tsofaffin katuna da tsofaffin manhajoji ba sa gane 4Kn, kuma yawancin katunan RAID ba sa yarda a gauraya su a jeri ɗaya. Ɗayan kuma ya fi ban haushi. Wasu faifan saba na SATA suna amfani da fil na uku na mahaɗin wuta a matsayin makunnin kashewa daga nesa. Idan aka jona su da tsohuwar na'urar ba da wuta da ke tura bolt 3.3 ta wannan fil, faifan ba zai ko motsa ba, shiru kamar gawa, mai shi ya ɗauka mataccen kaya aka aiko masa. Waya ce kawai za a canza zuwa wadda ba ta ɗauke da layin 3.3.

Girman ma'ajiyar wucin-gadi ta cikin faifai, megabait 256 ko 512, ba abin da za a biya ƙarin kuɗi dominsa ba ne. Abin tambaya shi ne me ke faruwa da rubutun da ke cikinta idan wuta ta ɗauke. Katin RAID mai batir ko kafasita yana riƙe rubutun har wuta ta dawo, kuma shi ne ke sa rubutu a RAID 6 ya zama abin jurewa. Batirin yana tsufa, idan ya mutu katin yakan koma rubutu kai-tsaye, saba ta yi nauyi ba a san dalili ba. Masu ZFS kuwa ba sa son katin RAID sam, sun fi son kati mai miƙa faifai yadda suke ba tare da shisshigi ba.

A kwamfutar manyan ayyuka lamarin ya fi sauƙi, tunda mutum ɗaya ne a kanta. Manhajoji da aikin da ake kai yanzu su zauna a NVMe, HDD ya riƙe ɗanyen bidiyo, tsofaffin ayyuka da kwafi. Bidiyon 4K a tsarin ProRes 422 HQ yana jan kusan megabait 100 a daƙiƙa, faifai ɗaya zai kunna shi lafiya. Da an jera kyamara uku a lokaci guda, hannu zai fara safa da marwa tsakanin fayiloli uku, hoto ya fara sarƙewa. A nan ko dai a haɗa faifai huɗu a RAID 10, ko a kwashe aikin zuwa SSD. Sannan faifan saba ba don ɗaki mai shiru aka yi shi ba. Ƙarar hannunsa tana da ƙarfi, wasu ma sukan yi ƙwas-ƙwas lokaci-lokaci ko ba a aiki. Mai haɗa sauti da kwamfuta a gefen teburinsa gara ya ɗauki faifan NAS mai CMR, ko ya kai faifan wani ɗaki ya jona ta hanyar sadarwa.

Wajen saye, idan faifai da yawa ne, yana da kyau a raba su tsakanin dillalai biyu ko lokuta biyu, don kada duka su fito daga rukunin ƙira ɗaya mai aibi ɗaya. A shigar da lambar kowanne a shafin kamfani a ga garanti, wanda ga faifan saba shekara 5 ne. Faifan da aka ciro daga cikin wata saba sau da yawa garantinsa na hannun wanda ya haɗa sabar. A farkon 2025 rahotanni sun fito, daga Jamus aka fara, cewa wasu dillalai na sayar da tsofaffin faifan Seagate a matsayin sababbi bayan an goge lissafin sa'o'in aikinsu a SMART. Abin da ya tona asirin shi ne wani kundi na biyu da ke cikin faifan, mai suna FARM, wanda ya nuna dubban sa'o'in da suka riga suka yi. Sababbin fitowar smartctl suna karanta shi. Wasu masu ƙera saba kuma sukan so faifan da suka tantance da kansu, idan aka saka wani sai fankoki su tashi da ƙarfi ko allon kulawa ya ƙi nuna lafiyarsa, don haka a duba jerin abin da sabar ke karɓa tun kafin a biya.

Faifan da ya iso kada a zuba masa bayanai a ranar. A fara da dogon gwajin SMART, sannan a rubuta shi a karanta daga farko har ƙarshe, a sake duba lambobin SMART 5 da 197, masu ƙirga guraben bayanin da suka samu matsala, dukkansu su kasance sifili. Ga mai terabait 20, zagaye ɗaya na rubutu da karatu yana cin fiye da kwana biyu, cikakken gwajin manhajar badblocks mai zagaye huɗu kuwa ya haura mako. Wanda ya sha wuya a hanya ko ya fito da aibi daga masana'anta yakan nuna kansa a wannan lokaci, ana iya mayar da shi ba a yi asarar komai ba. A kuma sayi ƙarin guda ɗaya mai girman sauran, a gwada shi tare da su, a ajiye a kusa da sabar.